Tarihin Mabuɗin Mota Daga Ƙarfe Zuwa Kati



Gabatarwa

Akwai wani abu ɗaya da Hausawa suka raɗa wa suna biyu. Wani ya ce mabuɗi, wani ya ce makulli, kowa kuwa ya faɗi daidai. Sunan farko ya dubi mai kaya wanda ke son shiga, na biyu ya dubi ɓarawo wanda ake son hanawa. Tarihin mabuɗin mota, wanda shi ne zancenmu na yau, tsakanin waɗannan sunaye biyu yake kai da kawo. Sau da yawa in maƙeran motoci suka sauƙaƙa wa mai mota buɗewa, sai kullewa ta yi rauni, sai an dawo an yi gyara. Za mu bi sawun wannan al'amari har mu iso ga katin nan da ake barinsa cikin aljihu, mota ta buɗe kanta, inji ya tashi, ba tare da an soka kome a ko'ina ba.

Zamanin Ƙarfe

Motocin farko ba da mabuɗi ake tayar da su ba. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ake sokawa ta gaban mota a murɗa da ƙarfin damtse, in kuwa injin ya yi tutsu ya juyo da ƙarfen, yakan karya wa mutum hannu. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai sitata ta lantarki, aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. Mabuɗin wancan zamani wuta kawai yake bayarwa, sa'an nan direba ya danna wani maɓalli dabam da hannu ko da ƙafa. Sai a 1949 kamfanin Chrysler ya gama ayyukan biyu, watau a murɗa mabuɗi wuta ta kawo, a ƙara murɗawa inji ya tashi. Daga baya aka ƙara kullen sitiyari, wanda Jamus ta Yamma ta wajabta a farkon shekarun 1960, Amurka kuma a 1970. Irin wannan mabuɗi ne dattawanmu suka sani a jikin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975.

Illar mabuɗin ƙarfe ita ce asirinsa a fili yake. Haƙoransa su ne sirrin, duk wanda ya riƙe shi na ɗan lokaci yana iya kai shi a yanka masa irinsa. Wanda bai samu ba ma, yana iya fasa kullen sitiyari ya haɗa wayoyi biyu ya tafi da mota, domin injin ba ya tambayar kowa kome.

Yadda Asiri Ya Bar Haƙoran Mabuɗi

Hanyoyi biyu aka biyo kafin a zo ga kati. Ta farko ta shafi ƙofa. A 1982 kamfanin Renault na Faransa ya fito da motar Fuego da ɗan rimot mai buɗe ƙofofi daga nesa, ƙirƙirar wani mai suna Paul Lipschutz. Da haske yake aiki, irin wanda ido ba ya gani, kamar rimot ɗin talabijin, saboda haka sai an matso kusa an auna motar da shi. Daga baya aka koma ga saƙon rediyo, wanda ba ya bukatar aune. To, amma in rimot lamba ɗaya yake aikawa kullum, mai laɓe yana iya naɗe ta ya maimaita bayan mai mota ya tafi. Maganin da aka samo shi ne lamba mai sauyawa, wadda in an yi amfani da ita sau ɗaya ta mutu ke nan. Ɗaya daga cikin shahararrun dabarun yin haka, mai suna KeeLoq, a Afirka ta Kudu aka ƙago ta, a kamfanin Nanoteq, kafin kamfanin Microchip na Amurka ya saye ta a 1995.

Hanya ta biyu ta shafi inji. Bayan rushe Katangar Berlin a 1989 iyakokin Turai sun buɗe, satar motoci ta ƙaru a Jamus, kamfanonin inshora suka matsa lamba a yi wani abu. Sai aka dasa wata 'yar ƙwayar lantarki a cikin robar kan mabuɗi. Ba ta da batir. In an soka mabuɗi, wani zoben waya da ke kewaye da ramin yakan ba ta ɗan ƙarfi ta iska, ita kuma ta faɗi lambarta. In lambar ba ta dace ba, kwamfutar mota ta hana inji mai da wuta, ko da haƙoran mabuɗin sun yi daidai. A 1998 wannan na'ura ta hana tashi ta zama dole ga sababbin motoci a ƙasashen Tarayyar Turai.

Daga nan asirin ya koma cikin lamba, ƙarfen ya zama ɗan rakiya. Ba a daɗe ba injiniyoyi suka ga ana iya sallamarsa.

Haihuwar Kati

Tun a 1993 motar Chevrolet Corvette ta zo da ɗan mabuɗi mai buɗe ƙofa da kansa in mai shi ya matso, amma tayar da inji sai da ƙarfe. Cikakkiyar dabarar ta bayyana ne a babbar Mercedes-Benz ɗin nan, S-Class, ƙirar da ta fito a 1998. Kamfanin Siemens ne ya yi aikin, aka sa masa suna Keyless Go, siffarsa kuwa ta kati ce. Sai dai wannan mota ce ta masu hannu da shuni.

Wanda ya sauko da kati zuwa ga matsakaitan mutane shi ne Renault, da motar Laguna ta biyu a 2001. Kamar yadda kamfanin ya ba da labari, jami'in da ke kula da aikin motar, Bernard Dumondel, ya sauka ne a wani otel a Luzambag, aka ba shi katin buɗe ɗaki, sai ya yi tunanin me zai hana mota ta sami irinsa. Iri biyu aka yi: wanda ake zurawa cikin wata kafa a gaban direba a danna maɓalli, da wanda ba a ko fito da shi daga aljihu. Daga Laguna ya bazu zuwa Espace da Mégane da Clio. Katunan farko sun sha wuya a hannun masu su, domin mutane sukan sa su a aljihun baya su zauna a kai, har haɗin da ke ciki ya tsinke, sai da aka ƙara musu ƙwari.

Yadda Yake Aiki

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikin katin ita ce a tuna da sojan da ke gadi da dare. In ya ji motsi yakan yi tambaya, mai zuwa ya ba da kalmar sirri. Bambancin shi ne a nan tambayar sabuwa ce kowane lokaci, amsarta ma haka.

A jikin mota akwai ƙananan eriyoyi: a mariƙin ƙofa, da cikin ɗakin fasinja, da wajen but. In mai mota ya taɓa mariƙi, ko a wasu motocin in ya matso kawai, eriyar takan yi kira a kan kilohaz 125 ko kusa da haka. Da gangan aka zaɓi wannan zango, domin muryarsa ba ta wuce mita ɗaya zuwa biyu. Katin da ke barci a aljihu ya farka, ya karɓi wata lamba da mota ta zaɓo, ya gauraya ta da lambar sirrin da shi da motar kaɗai suka sani, ya aika da sakamakon a kan megahaz 433 a Turai, ko 315 a Amurka. Motar ta yi lissafin da kanta ta gwada. In sun yi daidai ƙofa ta buɗe. Duk wannan yana ƙarewa kafin hannu ya gama jan mariƙi, kuma lambar sirrin kanta ba ta taɓa fita cikin iska.

Bayan haka mota tana bukatar ta san ko katin yana ciki ko waje. Ana gane wannan ta auna ƙarfin kiran da katin ke ji daga kowace eriya. In yana waje, ƙofa kawai za ta buɗe. In yana ciki, direba ya taka burki ya danna maɓalli, a sake tambaya da amsa, sa'an nan inji ya tashi. In ɗan batirin katin ya mutu, akwai siririn mabuɗin ƙarfe a ɓoye a jikinsa na buɗe ƙofar direba, sa'an nan a zura katin a kafarsa ko a kara shi a inda aka tanada, ƙwayar nan marar batir ta yi aikinta na da.

Gurbin Da Aka Bari

Lissafin sirrin bai kuɓuta daga masu bincike ba, domin a 2008 masana a Jami'ar Bochum ta Jamus sun nuna yadda za a zaƙulo sirrin KeeLoq. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Babban raunin yana cikin wani zato da aka gina dabarar a kansa, watau in kati ya ji kiran mota, to lalle yana kusa. A 2011 wasu masana uku na babbar makarantar fasaha ta Zurich a Suwizalan suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan motoci iri 10 na kamfanoni 8. Na'ura ɗaya suka ajiye kusa da mota, ɗaya kusa da mabuɗi, na'urorin suka riƙa miƙa kiran motar zuwa nesa. Mabuɗin ya ji kira ya amsa da gaskiyarsa, motocin duka suka buɗe, injinansu suka tashi. Ba a karya lambar sirri ko ɗaya ba. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada motoci 24 ta sami irin wannan sakamako. Ɓarayi ma sun koyi dabarar: ɗaya ya tsaya a bakin ƙofar gida inda ake rataye mabuɗi, ɗaya a jikin mota, mai gida yana barci.

Akwai kuma asarar da ta fi ta dukiya. Mabuɗin ƙarfe ba ya fita sai an kashe inji, saboda haka wanda ke riƙe da mabuɗinsa ya san motarsa a kashe take. Kati ya raba mutane da wannan tabbaci. A 2018 jaridar New York Times ta ƙidaya mutum 28 da suka mutu a Amurka tun 2006, bayan sun bar inji yana aiki a garejin da ke haɗe da gida, gubar hayaƙin salansa ta shiga ɗakuna. Saboda haka aka ƙara ƙarar gargaɗi, da dabarar da inji ke kashe kansa in an bar shi.

Game da sata kuwa, gyara biyu aka yi. Na farko, an sa wa mabuɗi abin jin motsi, in an ajiye shi ya ɗan jima bai motsa ba sai ya daina amsawa. Na biyu ya fi zurfi. Maimakon auna ƙarfin murya, sai a auna lokacin da saƙo ya ɗauka ya je ya dawo. Saƙon rediyo gudun haske yake yi, kimanin santimita 30 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan dubu na sakan. Ɓarawo yana iya ƙara wa saƙo ƙarfi, amma ba shi da ikon ƙara masa gudu, don haka in amsa ta makara mota ta san mabuɗin yana nesa. Da wannan dabara BMW ya fito da motar iX a 2021, inda wayar hannu ke zama mabuɗi. Kafin nan, a 2017, Tesla ya mai da waya babban mabuɗin Model 3, kati kuma ya koma na ko-ta-kwana, wanda sai an kara shi a jikin mota.

Kammalawa

Jama'a, wannan tarihi ya shafe mu, domin da yawa daga motocin da ke titunanmu na hannu ne, waɗanda ake kira kwatano, kuma sau da yawa da mabuɗi ɗaya suke zuwa. Mai yankan makulli na bakin kasuwa ba ya iya kwafar kati da zarto, sai an haɗa mota da kwamfuta an gabatar mata da sabon. Wanda ya sayi irin wannan mota ya kamata ya sa a goge mabuɗan da ba sa hannunsa daga ƙwaƙwalwarta, ya yi na ajiya tun na farkon bai ɓace ba, ya kuma daina rataye shi kusa da ƙofar waje. Rigakafi ya fi magani.

Ga ɗalibanmu na injiniya kuwa, abin lura shi ne waɗanda suka ƙago katin sun ba da ƙarfinsu ga tambayar ko wane ne mai zuwa, suka amsa ta da kyau, suka ɗauki tambayar inda yake tsaye a kan abin da ba ya bukatar hujja. An yi fiye da shekara goma kafin a nuna kuskuren a fili, aka kuma ƙara wasu shekaru kafin gyaran ya shiga motoci. Duk wanda zai ƙera abin tsaro, bayan ya gwada abin da ya gina, ya koma ya binciki abin da ya ɗauka tabbas ne bai gwada ba.