Yadda Likitoci Suka Koyi Sauraron Ƙirjin Mai Tari

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 18, likitan Turai ba shi da abin dogaro game da mai tari sai bayanin bakinsa da launin kakin da ya tofar, saboda haka da wuya a rarrabe tarin mura da na fuka da na ciwon zuciya. A 1761 Leopold Auenbrugger, likita a birnin Biyana, ya wallafa ɗan littafi yana nuna cewa idan aka ƙwanƙwasa ƙirji da yatsu, huhu mai iska yakan yi amo kamar ganga, wanda ruwa ya kewaye kuwa sai amon ya dushe. Ba a kula da aikin sosai ba sai da Corvisart, likitan Napoleon, ya fassara shi zuwa Faransanci a 1808.

Babban sauyi ya zo a 1816 a asibitin Necker da ke birnin Faris, inda René Laennec ya naɗe takarda ya ɗora a ƙirjin wata matashiya, ya ji bugun zuciyarta sarai, daga baya kuma ya sassaƙa bututun katako domin wannan aiki. Darajar Laennec ta fi ta bututun, domin ya riƙa rubuta kowane sauti da ya ji, na ƙugi da na shaƙa da na ɓurɓushi, idan majinyacin ya rasu kuma ya buɗe gawar ya ga wane lahani ne a huhu ya haifar da sautin. Ya tattara wannan a littafinsa na 1819, shi kansa kuma tarin fuka ne ya yi ajalinsa a 1826.

Kunne na iya gano inda ɓarna take, amma ba ya faɗin abin da ya yi ta. Ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar a Balin cewa ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, nan da nan kuma aka fara rina kaki ana dubawa da madubin likita, kafin hoton ƙirji ya biyo bayan binciken Röntgen na 1895. Gwajin da aka fara a Madras ta Indiya a 1956 ya nuna cewa shan magani a gida yana warkarwa daidai da kwanciya a asibitin keɓewa, lamarin da ya mayar da nauyin gano cutar kan ƙananan asibitoci.

Daga nan ne tambayar tsawon kwanakin tari ta samu muhimmancinta, domin wanda ya kai mako 2 yana tari gwajin kaki ya kamace shi, kuma abin takaici ne cewa da yawa sukan shafe watanni suna sayen ruwan maganin tari a kemis. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana ba da sakamako cikin kimanin awa 2, gwajin da maganin wata 6 kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya.