Bukin kaka a ƙasar Tamil

Yau za mu kai ka kudancin Indiya, ƙasar Tamil. Can shinkafa ita ce hatsinsu. Suna girbe ta a watan Janairu, lokacin da mu ke cikin ɗari.

In an gama girbi sai su yi bukin kwana 4 da su ke kira Pongal. Ma'anar kalmar ita ce tafasa har a zuba. Mata su ɗora sabuwar tukunyar ƙasa a tsakar gida, su sa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila. Ba a rage wuta. In tukunya ta tumbatsa sai kowa ya ɗauki sowa, don a wurinsu alamar wadata ce. Rana ta 3 ta shanu ce. A wanke su, a shafa wa ƙahonninsu launi, a ba su abinci mai daɗi. Ranar ba mai ɗaura musu galma.

To amma shinkafar ba duka ta ke zama gidan manomi ba. Tun zamanin da, gidajen bauta na addinin Hindu su ke da gonaki masu yawa. Sarakunan Cola, waɗanda su ka mallaki kwarin kogin Kaberi, su su ka ƙarfafa wannan. A 1010 sarki Rajaraja ya gama wani gidan bauta a garin Tanjabur, tsawonsa ya kai wajen mita 60. Ya sa aka sassaƙa a jikin dutsen ginin sunayen ƙauyukan da za su riƙa kawo shinkafa, da yawan da kowane zai kawo. Rubutun yana nan har yau. Ka ga amfanin rubutu: bayan shekara 1000 ana iya karanta harajin ƙauye.

Da wannan shinkafa ake biyan makaɗa da masu rawa da masu hidima. Ranar buki a ɗora gunki bisa babban keken itace, jama'a su kama igiya su ja shi cikin gari.

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancin ƴan ƙodagon da ke shiga taɓo su dasa shinkafar, an ɗauke su ƙasƙantattu tun haihuwa. Yanzu ana ce musu Dalit. Shinkafarsu ta shiga gidan bauta, su kuwa an hana su taka ƙofa. Sai ran 8 ga Yuli 1939 wani lauya, Baidiyanata Ayar, ya shiga da ƴan Dalit 5 babban gidan bauta na Madurai. Masu hidimar wurin da yawa su ka yi fushi, su ka bar aiki shekaru. A 1950 tsarin mulkin Indiya ya haramta wannan ƙyama.

Doka ta hana, amma a wasu ƙauyuka har yanzu ana gardama kan wa zai kama igiyar keken. Wani lokaci sai an kai ga alƙali, an kuma kawo ƴan sanda, kafin keken ya motsa.