Dutse maganin doki ne: yadda mutanen Adar sunka hau tudu da iyalinsu, da yadda sunka sauko



Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Keita, ko ya gangara daga Buza ya faɗa Majiya, ya san yadda ƙasar take: tudu baƙi mai tsakuwa ya miƙe kamar tabarma, sai kwatsam ya yanke, ka hangi fadama can ƙasa. A wurare da dama, in ka tambayi tsofaffin gari ina kufansu yake, ba cikin fadama za su nuna maka ba. Gindin dutse za su nuna, ko gefensa, inda ko akuya sai ta yi dabara. To mi ya kai mai hankali ya kwashi mata da ɗiya ya kai su can, ga fadama shimfiɗe?

Amsar a gajarce ita ce doki.

Adar ba duwatsu masu tsawo gare ta ba. In aka gwada da Bagzam ta ƙasar Abzin, wadda ta wuce mita 2000, namu ƙanne ne, ba su kai ko rabinta ba. Amma gefensu a tsaye yake, dutsen kuma yana zamewa ƙarƙashin ƙafa. Mahayin doki ko raƙumi in ya iso gindi dole ya sauka, in kuwa ya sauka ya zama daidai da kowa, har ma ya fi kowa wahala, tunda na sama yana ganinsa, yana da kibiya, yana da dutsen da zai mirgino. A zamanin da ƙarfin yaƙi duk yana bisa bayan dabba, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga talaka manomi.

Tarihin baka na Adar yana kiran mazaunan farko da suna Aznan ramu, wato waɗanda sunka zauna cikin koguna da ramukan dutse. Malam Jibo Hamani, wanda littafinsa a kan tarihin Adar kafin zuwan Nasara ya fito a 1975, ya bi diddigin yadda ƙasar ta yi ta sauya hannu. Ta zauna ƙarƙashin Kabi. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Kabawa da yaƙi ya karɓe ta. Da aka tuɓe shi daga sarautar Agadas a 1721, nan Adar ya dawo ya zauna, kuma daga gare shi sarautar Sarkin Adar ta samo asali, wadda yau take Illela. Ƙarni na 19 kuwa bai bar kowa ya huta ba: yaƙe-yaƙen da sunka biyo bayan jihadi, zamanin Jilani da na Ibra, sannan gasar Kel Geres daga kudu da Iwillimmeden daga arewa. Manya na faɗa, ƙauye na biya. Wani gari ya shiga amanar wani babba yana ba da hatsi a tsare shi, wani garin ya ga amanar ba ta isa ba, ya ƙara da dutse.

Ba Adarawa kaɗai sunka yi wannan lissafi ba. Da Zariya ta faɗa hannun masu jihadi, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa har ƙasar Zuba, wajen dutsen Zuma, kuma a 1828 ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali, wadda yau ake ce wa Suleja. Su kuwa Katsinawan da sunka zo Maraɗi ba su samu dutse ba, sai sunka shiga kurmin gulbi. Itace da sarƙaƙiya sun yi musu aikin da dutse ya yi wa wasu. Dawakin abokan gaba ake son a taka wa birki, ko da mi.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ba ni sha'awa, wato yadda mai gida ke zaɓe. Don ba kowane dutse ake hawa ba.

In kun lura, labarin kafuwar garuruwanmu da yawa da mahalbi yake farawa. Wane ya biyo nama, ya iske ruwa, ya koma ya ɗauko ƙannensa. Mutane na ɗaukar wannan kamar tatsuniya, alhali tsari ne. Mahalbi shi ne ɗan leƙen asirin iyali. Shi ya san inda ruwa ke kwana cikin dutse bayan damina, ya san inda namun daji ke sha a tsakiyar rani, kuma wurin da dabba ke sha a watan bazara shi ne wurin da rijiya za ta yi ruwa. Ba a duban wuri da damina, lokacin da ko'ina kore ne, ko'ina na yaudara. Sai rani ya tsananta ake zuwa gani.

Bayan ruwa sai gona. Bisa tudu fako ne, hatsi ba ya son shi. Don haka ana biɗar inda dutse ke da jigawa a gindinsa ko fadama kusa, yadda mutum zai sauka da asuba ya yi noma, in an yi kururuwa ya iya komowa sama kafin mahaya su cim masa. Nisan gona da gida, gudun mace mai goyo ne ma'auninsa. Rumbu kuwa sama ake gina shi, ko a lungun da ba a hange daga nesa, tunda wanda ya ƙone maka rumbu ya gama da kai ko bai taɓa jikinka ba.

Akwai kuma neman izini. Dutse ba ya rasa mai shi. In akwai waɗanda sunka riga ka, wajen babbansu za ka, shi zai nuna maka inda za ka sara da itacen da ba a taɓawa. A wancan zamani sun yarda cewa kowane dutse da iskokinsa, kuma zuriyar wanda ya fara zama ita ke riƙe da alkawarin da ke tsakani. Wanda ya san Masalata ta kusa da Ƙonni ya san har yanzu wannan al'ada ba ta ɓace duka ba. Ko mi mutum zai ce game da aƙidar, ta tsare abu guda: baƙo ba ya faɗo wa wuri da gatari yadda ya ga dama.

Sannan ba a tashi da damina, ba a tashi gaba ɗaya. Sai an yi kaka, hatsi ya shiga hannu. Maza su yi gaba su kafa bukkoki su gwada rijiya, mata da yara da tsofaffi su biyo baya. Sau da yawa akan bar wani ɗan'uwa a tsohon wuri, saboda in sabon bai karɓe su ba a samu inda za a koma.

Amma fa a faɗi gaskiya, wanda ya yanke shawarar hawa daban, wanda ya biya kuɗinta daban. Mai gida ya zaɓi dutse, uwar gida ta ɗauki tulu. Kullum, safe da marece, daga rijiyar gindi zuwa sama, da ciki, da goyo, bisa tsakuwa mai yanka ƙafa. Itacen wuta haka, dammunan hatsi haka. Tsoho in ya hau ya hau kenan, sai dai a sauko da labarinsa. Shekarar da ruwan dutse ya ƙafe da wuri, tsaron da aka hau nema shi ke zama kurkuku, domin abokin gaba ba ya bukatar hawa, ya zauna bakin rijiya kawai ya jira. Masu ba da tarihi sun fi son labarin kibiya da jarumta. Ni dai ina ganin wuyan matan nan ne ya riƙe garuruwan.

Abin da ya karya wannan lissafi ya zo a 1899. Ayarin Bule da Shanuwan, sojan Faransa, ya ratso ƙasar da bindigogi masu harbi daga nesa. A watan Afrilu sunka auka wa Lugu, garin Sarauniya, a ƙasar Arewa. Mutanen sun yi faɗa, sun ja da baya cikin sarƙaƙiya, garin kuwa an ƙone shi. A watan Mayu sai Birnin Ƙonni, inda ganuwa ba ta hana kisan da har yau ake jin zafinsa ba. Daga ranar kowa ya gane cewa abin da ke tare doki ba ya tare harsashi.

Da mulkin Nasara ya zauna, hare-hare sun ragu, sai dalilin zama sama ya tafi. Kumandan ma ya fi son gari a bakin hanya, inda za a ƙidaya kawuna, a karɓi lanho, a ɗebi mutanen aikin tilas. Wasu sun sauko da son ransu don su kusanci rijiya da kasuwa, wasu an sauko da su. Cikin ƴan shekaru fadama ta cika, aka sare kurmin da ke cikinta, aka bi gefen dutse da gatari.

Sai dutsen ya rama. Tudun da aka tuɓe wa itace ba ya riƙe ruwa. In an yi sama, ruwan na gangarowa gaba ɗaya, ya tsaga korama, ya binne gona da rairayi, ya ci gidajen gindi. Farin 1973 da na 1984 sun iske ƙasar a gajiye. Aikin da aka yi daga baya duk gyaran wannan ɓarna ne: layukan dogon yaro da aka fara dasawa a Majiya a 1975 don tare iska, da furojen Keita da ya soma a 1984 da kuɗin Italiya, inda aka koma bisa tudun nan ana jera duwatsu, ana gina ramuka, ana dasa itace. Akasarin ma'aikatan mata ne, tunda maza sun tafi biɗa. Jikokin masu hawa da tulu sun koma hawa da dutse a ka. A yankin Illela da Badagishiri kuma tassa da rabin wata sun mai da fako gona.

Maraɗi ta koyi nata darasin tun 1945, lokacin da gulbi ya cika ya ci tsohon gari, aka tashi aka hau tudu inda birnin yake yau. Daminar 2024, wadda ta rusa gidaje a Maraɗi ta kuma kada tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta tuna wa kowa cewa kwari ba wurin wasa ba ne.

Yau ga shi tambayar kakanni ta dawo. A Madarunfa, a Gidan Runji, a Bangi, a Ƙonni, akwai magidantan da ke kwana suna tunanin inda za su kai iyali saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane. Wani zai ce a koma dutse kamar da. A nan ne ya kamata a yi hattara. Mai zuwa yau ba bisa doki yake ba, bisa moto yake, da bindiga, kuma shi kansa lungu yake biɗa. Mutanen Gwoza a jahar Barno sun gani: duwatsun Mandara da sunka ɓoye kakanninsu daga masu kamun bayi, su ne sunka zama maɓoyar Boko Haram tun wajen 2014, har na sama sunka gudo ƙasa. Wurin da mota ba ta zuwa, jandarma ma ba ya zuwa da wuri. Wurin da waya ba ta kamawa, kururuwa ba ta wuce gindin dutse.

Dubi inda aka kai ƴan gudun hijirar Sakkwato da Zamfara da Katsina da sunka shigo jahar Maraɗi tun 2019. An janye su daga bakin iyaka zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Babu dutse ko ɗaya a lissafin. Abin da aka duba shi ne nisa da iyaka, da hanya, da ruwan famfo, da likita, da lakwal, da kuma ko mutanen garin sun yarda su ba baƙi wurin zama da ɗan abin nomawa. Daga cikin tsofaffin sharuɗɗan mahalbi, ruwa da gona da izinin masu wuri suna nan yadda suke. Na huɗun ne ya juye: da ana biɗar inda ba a iya isowa, yanzu ana biɗar inda agaji zai iso kafin gari ya waye.