Ketamin da Ƙwaƙwalwa: Nazari kan Aikinsa a Maganin Ciwon Damuwa da Matsayinsa a Kajuru da Kudancin Kaduna

Tsakure

Ketamin magani ne na sa barci da aka shafe fiye da shekara hamsin ana amfani da shi a ɗakin tiyata. Daga shekarar 2000 zuwa yau bincike ya nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa na iya sauƙaƙa matsanancin ciwon damuwa cikin sa'o'i, alhali magungunan da aka saba da su kan ɗauki makonni kafin su fara aiki. Wannan maƙala ta bibiyi tarihin maganin, yadda yake aiki a ƙwaƙwalwa, sakamakon gwaje-gwajen asibiti da illolinsa, sannan ta auna su da halin da ake ciki a Kajuru da kewayen Kafanchan. Ta tabbatar da cewa samun maganin ba shi ne cikas a yankin ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙwararrun da za su tantance mara lafiya, su sa masa ido, su kuma bibiye shi.

Muhimman kalmomi: ketamin, ciwon damuwa, gulutamet, lafiyar ƙwaƙwalwa, Kajuru

1.0 Gabatarwa

Ciwon damuwa cuta ce da ke hana mutum barci, ta kashe masa sha'awar abinci da ta aiki, ta sa ya ƙosa da rayuwa. Magungunan da aka fi bayarwa a asibitocin Nijeriya, irin su amitriptyline da fluoxetine, suna aiki ne ta hanyar sinadaran serotonin da noradirenalin, kuma sai an yi mako huɗu zuwa shida ana sha kafin a ga sauyi sosai. Babban gwajin STAR*D da aka gudanar a Amurka ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya ba su warke ba ko da bayan an gwada musu magani har sau huɗu. Idan mutum ya sha magunguna iri biyu yadda ya kamata amma bai samu sauƙi ba, likitoci kan ce ciwon nasa ya bijire wa magani. Saboda irin waɗannan marasa lafiya ne hankalin masana ya koma kan ketamin.

2.0 Dabarun Bincike

An gina maƙalar ne a kan bitar ayyukan da aka wallafa a mujallun kimiyya daga 1983 zuwa 2025. An raba su gida biyu: gwaje-gwajen dabbobi da ke bayyana yadda maganin ke aiki, da gwaje-gwajen asibiti da ke auna amfaninsa ga mutane. Daga nan aka kwatanta sharuɗɗan da waɗannan gwaje-gwaje suka gindaya da yanayin kiwon lafiya a kudancin Jihar Kaduna.

3.0 Tarihin Ketamin a Taƙaice

Masanin sinadarai Calvin Stevens ne ya haɗa ketamin a 1962 domin kamfanin Parke-Davis. A 1964 Edward Domino da Guenter Corssen na Jami'ar Michigan suka fara gwada shi a jikin mutane, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1970. An yi amfani da shi sosai wajen yi wa sojoji tiyata a yaƙin Biyetnam. A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su a kowane asibiti ba.

Dalilin wannan matsayi a fili yake ga duk wanda ya san asibitin karkara. Ketamin ba ya danne numfashi kamar sauran magungunan barci, ba ya kuma faɗar da jini, hasali ma ɗaga shi yake yi. Ana iya yin allurarsa a jijiya ko a tsoka. Saboda haka ko an ɗauke wuta, ko babu na'urar taimakon numfashi, ana iya yi wa mai naƙuda tiyata ko a ɗinke wanda aka sara. Mara lafiyar yakan kwanta ido buɗe, ƙwayar idon na rawa, yawu na taruwa a baki, amma ba ya jin zafin wuƙa. Lokacin farfaɗowa wani ya yi ta sambatu ko kuka, shi ya sa ake haɗa masa da diazepam.

4.0 Yadda Yake Aiki a Ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna isar da saƙo ga junansu ta wasu ƙananan mahaɗai. Sinadarin da ya fi kowanne zaburar da saƙo a waɗannan mahaɗai shi ne gulutamet, kuma yana shiga ne ta ƙofofi iri-iri, manyansu su ne NMDA da AMPA. A 1983 David Lodge da abokan aikinsa suka gano cewa ketamin na toshe ƙofar NMDA.

A nan tambaya ta taso: ta yaya toshe ƙofa zai farfaɗo da ƙwaƙwalwa? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa ɗan ƙaramin awo na maganin ya fi kama wasu ƙwayoyin jijiya masu fitar da sinadarin GABA, waɗanda aikinsu shi ne rage gudun saƙo. Idan aka raunana su, lamarin kan zama kamar an ɗaga ƙafa daga birki: gulutamet ya kwararo, ya buɗe ƙofofin AMPA, ƙwayoyin su saki wani furotin mai raya jijiya da ake kira BDNF. A 2010 ɗakin binciken Ronald Duman a Jami'ar Yale ya nuna a jikin ɓeraye cewa cikin kwana guda sababbin mahaɗai kan tsiro a sashen gaban ƙwaƙwalwa ta hanyar wani tsari na cikin ƙwayoyin jijiyar da ake kira mTOR. A 2011 Lisa Monteggia da tawagarta suka nuna cewa idan babu BDNF amfanin ba ya samuwa. Muhimmancin wannan shi ne, doguwar fargaba da ƙunci na rage yawan mahaɗan a daidai wannan sashe. Binciken Conor Liston na 2019 ya ƙara haske: sauyin ɗabi'ar ɓerayen kan riga tsirowar mahaɗan, amma mahaɗan ne ke sa sauƙin ya ɗore.

Akwai wasu bayanan da ke gogayya da wannan. A 2016 masu bincike a Jami'ar Maryland suka danganta amfanin da wani sinadari da hanta ke samarwa bayan ta sarrafa ketamin. A 2018 Hailan Hu ta Jami'ar Zhejiang a ƙasar Sin ta nuna cewa maganin na kwantar da wani ɗan gurbi mai suna habenula, wanda ke yawan harba saƙon takaici a ƙwaƙwalwar dabbar da ta karaya. A wannan shekarar kuma masana a Stanford suka ga cewa idan aka fara ba mutum naltrexone, mai toshe ƙofofin da sinadaran dangin ofiyom ke shiga, amfanin ketamin kan ragu ƙwarai. Wannan sakamako na ƙarshe ya ƙara tayar da batun jaraba.

5.0 Sakamakon Gwaje-gwajen Asibiti

Gwajin farko shi ne na Robert Berman da John Krystal a Yale a 2000, inda mutum bakwai suka kammala. A 2006 Carlos Zarate na cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ya maimaita shi da mutum 18 waɗanda ciwonsu ya bijire wa magani. Sauƙi ya fara bayyana cikin sa'a biyu, kuma washegari kashi 71 cikin ɗari sun samu ragin alamomin cutar da aƙalla rabi. Bayan mako guda kashi 35 kaɗai suka rage a kan wannan sauƙi. Tun daga nan aka san halin maganin: saurin kamawa, saurin sakewa.

Awon da aka tsayar shi ne rabin miligiram a kan kowane kilo na nauyin jiki, a cikin ƙarin ruwa na minti 40. Mai nauyin kilo 60 zai karɓi miligiram 30, ƙasa da rabin abin da ake bukata don sa shi barcin tiyata. Mara lafiyar yana farke, ana auna jininsa lokaci-lokaci. Bayan 'yan mintuna yakan ji jikinsa ya yi nisa da shi, murya na zuwa masa daga can, lokaci ya daina tafiya yadda ya saba. Wannan yanayi kan wuce cikin sa'a ɗaya zuwa biyu. Galibi ana maimaitawa sau biyu ko uku a mako har a cika sau shida.

A watan Maris na 2019 Amurka ta amince da esketamin, wani ɓangare na ketamin da ake fesawa a hanci, wanda kamfanin Janssen ke sayarwa da sunan Spravato, bisa sharaɗin a fesa shi a asibiti a kuma zauna sa'a biyu ana lura. Hukumar NICE mai tantance magunguna ta Ingila ta ƙi ba da shawarar amfani da shi a 2022 saboda tsada da rashin gamsuwa da hujjojin. A 2023 gwajin ELEKT-D, wanda ya ƙunshi mutum 403, ya samu cewa kashi 55 na waɗanda aka ba ketamin sun samu sauƙi, idan aka kwatanta da kashi 41 na waɗanda aka yi wa jinyar ƙwaƙwalwa da lantarki.

Sai dai akwai rauni a hujjojin. Mai karɓar ketamin yakan gane shi aka ba shi ba ruwan gishirin da ake ba wasu don kwatanci ba, kuma sa rai kansa na rage ciwo. A 2023 Boris Heifets na Stanford ya ba mutum 40 ko dai ketamin ko ruwan gishiri suna cikin barcin tiyata. Ɓangarorin biyu duka suka samu sauƙi, ba tare da wani bambanci ba. Game da ciwon firgici da ke biyo bayan tashin hankali, Adriana Feder ta asibitin Mount Sinai ta samu sakamako mai kyau a 2014 da 2021, amma gwajin 2022 a kan sojojin Amurka 158 bai nuna amfani ba.

6.0 Illoli da Haɗari

Illolin nan take sun haɗa da hawan jini, bugun zuciya, jiri, tashin zuciya da gane-gane. Saboda haka ba a ba mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko mai tarihin taɓin hankali irin na ji da ganin abin da babu. Yawan amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba na lalata mafitsara, har mutum ya riƙa fitsarin jini, yana kuma raunana ƙwaƙwalwar tuna abu. Biritaniya ta tsaurara dokarsa a 2014. A 2015 ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin ƙwayoyin da ake taƙaita cinikinsu, amma kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi goyon baya, domin hakan zai hana asibitocin ƙasashe matalauta maganin tiyata.

7.0 Matsayinsa a Kajuru da Kudancin Kaduna

Bukatar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a wannan yanki ba ɓoyayya ba ce. Rikicin Kafanchan na 1987, na Zangon Kataf a 1992, tarzomar bayan zaɓen 2011, rikicin Kasuwan Magani na Oktoban 2018 da kashe-kashen Kajuru na Fabrairun 2019, ga kuma satar mutane don kuɗin fansa, duk sun bar zawarawa, marayu da 'yan gudun hijira a tsakanin Adara, Fulani, Hausawa da sauran al'ummomi. Mai ciwon damuwa a nan ba kasafai yake cewa yana baƙin ciki ba. Yakan yi kukan zafi a ka, faɗuwar gaba, rashin barci, ko wani abu na yawo a jikinsa, sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifod. Da yawa kuma kan fara zuwa wurin malamin ruƙiyya, fasto ko mai maganin gargajiya. Binciken Oye Gureje na Jami'ar Ibadan, wanda aka wallafa a 2006, ya samu cewa kusan kashi 8 kaɗai na masu matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa ne suka samu wata kulawa cikin shekara guda.

Ta fuskar magani, lissafin mai sauƙi ne. Kwalba guda mai miligiram 500, irin wadda ake ajiyewa a ɗakin tiyata, ta isa awo 16 ga mai nauyin kilo 60. Ta fuskar ma'aikata kuwa, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga jama'a sama da miliyan 200. A Jihar Kaduna sun fi taruwa a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Manomin da ke Kufana, Maro ko Idon zai sha wahalar zuwa Kaduna sau biyu a mako, da kuɗin mota na mutum biyu, domin ba a barin wanda aka yi wa ƙarin ruwan ya koma gida shi kaɗai. Idan kuma aka yi sau ɗaya aka daina, ciwon kan dawo cikin kwanaki.

Wani haɗarin kuma shi ne karkatar da maganin zuwa kasuwa. Ƙididdigar ƙasa ta 2018 ta nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma abin da ya faru da kodin da tiramadol ya isa darasi. Idan ketamin ya faɗa hannun masu shagunan magani, matakin da hukuma za ta ɗauka zai iya shafar mai naƙudar da ke bukatarsa a asibitin karkara.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a nemi yardarsa kafin jinya. Wannan na da muhimmanci ga maganin da ke gusar da hayyaci na ɗan lokaci, musamman inda ake iya fassara gane-ganen da yake jawowa da shafar iska. Dole a yi wa mara lafiya da danginsa bayani tun farko, da Hausa ko da harshensu na gida.

8.0 Kammalawa

Hujjojin da ake da su sun nuna ketamin na sauƙaƙa ciwon damuwar da ya bijire wa magani cikin sauri, ta hanyar gulutamet da sabunta mahaɗan jijiya, amma sauƙin gajere ne, kuma amfaninsa ga ciwon firgici bai tabbata ba. Yawancin gwaje-gwajen an yi su ne a Amurka, Turai da Sin. Matakin da ya dace da kudancin Kaduna uku ne. Na farko, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan gane ciwon damuwa da ba da magungunan farko, bisa tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya. Na biyu, a gudanar da gwajin ketamin ƙarƙashin kulawar likitocin ƙwaƙwalwa da na sa barci a Barnawa ko Shika, kafin a kai shi babban asibitin Kafanchan. Na uku, a tsaurara rajistar shige da ficen kowace kwalba ba tare da an hana ɗakin tiyata rabonsa ba.