Albam ɗin da bai fito ba: Simon da Garfunkel

1/ Jama'a, ina tsaka da karatun jarrabawa na faɗa tarihin Paul Simon da Art Garfunkel, mawaƙan Amurka, abokai tun firamare. Ku biyo ni.

2/ Sun rabu a 1970, bayan albam ɗinsu Bridge over Troubled Water.

3/ Ranar 19 ga Satumba 1981 suka sake haɗuwa a Central Park, birnin New York, gaban mutum kimanin 500,000. Sai suka shiga shirin sabon albam.

4/ A situdiyo tsohuwar rigima ta dawo. Simon na ganin waƙoƙin labarin rayuwarsa ne. Ya goge muryar Garfunkel, ya fitar da Hearts and Bones shi kaɗai a 1983.

5/ Abin ya tsaya min a rai. Shiri na dare ɗaya ba wuya, zaman watanni ke gwada abota.