Alƙiblar Binciken Malaman Aikin Gona: Darasi Daga Samaru

A kowace tsangayar aikin gona akan rubuta fannin da malami ya duƙufa a kai a gaban sunansa: wannan yana kan inganta iri, wancan yana kan cututtukan tsirrai, wata tana kan kimiyyar ƙasa, wani kuma tattalin arzikin karkara. Galibi ana ɗaukar wannan jeri a matsayin ra'ayin kowane malami da abin da ransa ya fi so. Sai dai in an haɗa shi wuri ɗaya, shi ne ke fayyace matsalolin manoma da za a samo wa magani nan da shekara ashirin, da waɗanda za a bari su ci gaba da cin amfanin gona. Hujjar wannan maƙala ita ce, binciken da ya amfani manomin Arewa shi ne wanda tambayarsa ta taso daga gona, aka kuma ba shi isasshen lokaci, alhali tsarin da jami'o'inmu ke auna malamai da shi a yau yana janye su daga abubuwan nan biyu.

Tarihin Samaru ya ishe mu shaida. An kafa tashar binciken noma a can a 1922, ta koma Cibiyar Binciken Aikin Gona ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tsawon shekaru ana gwajin iri da taki a fili mai shuka ɗaya tilo, ana kuma kallon manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona guda a matsayin wanda bai waye ba. Wannan fahimta ta fara sauyawa ne bayan wani masani mai suna David Norman da abokan aikinsa sun shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau daga tsakiyar shekarun 1960, suna rubuta abin da manoma ke shukawa da aikin da suke zubawa da abin da suke girba. Sakamakon da Norman ya wallafa a 1974 ya nuna cewa haɗa shuka ya fi ba manomi riba a kan kowace kadada, ya fi dacewa da ƙarancin hannu a lokacin noman farko, kuma ya fi kare gida daga yunwa idan damina ta yi gardama. Abin lura shi ne, babu sabuwar na'ura a wannan aiki. Masanin ya sauya tambayarsa ne kawai: ya daina neman dalilin da ya sa manomi ya ƙi shawara, ya koma neman hikimar da ke cikin abin da manomin yake yi. Wannan aiki na cikin tubalan da aka gina binciken tsarin noma a kansu a ƙasashe da dama.

Haka lamarin yake a ɓangaren iri. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta lalata kimanin kadada 700,000 a Arewacin Nijeriya, ta ƙarasa abin da fari ya fara, har dalar gyaɗar Kano ta zama tarihi. Irin da ke jure cutar kuma yake nuna da wuri, kamar SAMNUT 24 da aka fitar a 2011, ya samu ne bayan aikin shekaru masu yawa tsakanin Samaru da cibiyar ICRISAT. Wake ma haka: juriyar ƙuduji da ke cikin SAMPEA 10 ta fito daga aikin haɗin gwiwa da reshen cibiyar IITA na Kano, sannan SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, ya ɗauki kusan shekara goma daga gwajin farko a Zariya a 2009 zuwa fitar da shi a ƙarshen 2019, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. Ana taƙaddama a kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta kamar SAMPEA 20-T, kuma taƙaddama ce da ta cancanci a yi ta da ilimi. Amma ko mai adawa da shi ba zai musa cewa matsalar ta gaske ce ba: manomi na fesa magani sau shida zuwa takwas a damina ɗaya, da kuɗinsa da lafiyarsa.

Lokaci shi ne abin da tsarin yanzu ya fi yi wa rowa. Akwai filin gwaji a Samaru da aka fara tun 1950, inda aka riƙa kwatanta takin shanu da takin zamani a kan ƙasa ɗaya shekara bayan shekara. Daga irin wannan fili aka tabbatar cewa dogaro da takin zamani shi kaɗai, musamman mai sinadarin naitirojin, yana sa ƙasar yankinmu ta yi tsami ta gaji, kuma haɗa shi da takin gargajiya yana riƙe ƙarfinta. Ba a gane wannan a damina biyu ko uku. To amma malamin da ke neman ƙarin girma a yau ana ƙirga masa yawan maƙalun da ya wallafa ne, an fi kuma daraja waɗanda suka fito a mujallun ƙetare. Mai hankali zai zaɓi binciken da zai kammala cikin wata shida: ya raba takardun tambayoyi, ko ya gwada ruwan wani ganye a kan ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, ya rubuta, ya wuce. Ba za a zarge shi ba, domin ma'aunin da aka ajiye masa yake bi. Abokin aikinsa da ya ba da shekara takwas yana tace iri ɗaya kuwa, sai ya ga ɗalibansa sun riga shi zama farfesa.

Za a iya cewa wannan magana tana tauye 'yancin malami, kuma jami'a ba ma'aikatar gona ba ce. Aikinta neman ilimi ne ko da ba a ga amfaninsa nan take ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ƙasar da ta yi watsi da kimiyyar tushe za ta dawwama tana aron sakamakon wasu. Sai dai matsalolin gonarmu ba su da sauƙin da ake zato. Ƙuduji misali ne: tsiro ɗaya na zubar da dubban 'ya'ya, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, kuma ba sa tsirowa sai sun ji sinadarin da saiwar shuka irin su dawa ko gero ko wake ke fitarwa. Wanda zai yaƙe shi dole ya shiga zurfin ilimin sinadarai da na ƙwayoyin gado. A Maraɗi, aikin Ibrahim Baoua da abokansa a kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero ya buƙaci sanin rayuwar wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke kashe tsutsar, kafin a iya kiwonsa a sake shi a gonaki. Tambayar gona ba ta rage darajar kimiyya. Sau da yawa ita ce ke tilasta wa masani ya nutsa. Abin da ke tauye 'yancin malami a zahiri shi ne rashin kuɗin bincike da matsin ƙirgen maƙalu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: kusan duk nasarorin da aka ambata da kuɗin ƙetare da ƙwararrun ƙetare aka same su, don haka me zai sa a koka da tallafin waje? Ba a koka da shi ba. Tsangayar aikin gona ta Zariya kanta ta tashi da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, kuma Cibiyar Noman Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da aka kafa a 2012, ta ginu da tallafin Gidauniyar MacArthur da Bankin Duniya. Matsalar ita ce mai ba da kuɗi yana zuwa da jerin abin da ya fi damunsa, da wa'adin shekara uku ko biyar. Masara da shinkafa da wake suna da masu ɗaukar nauyi. Acca da gurjiya da yakuwa da ɗorawa, waɗanda mata ke ciyar da gida da su suna kuma samun kuɗin kashewa, ba su da mai tsaya musu sosai. Haka kuma annobar da ke faɗowa ba zato, kamar tsutsar tumatir da manoman Kadawa ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, ba ta jiran a rubuta takardar neman tallafi. Sai in akwai masanin ƙwari da ke zaune a kan aikinsa da kuɗin gida.

Gyaran yana hannun hukumomin jami'o'i da na ƙasa, kuma bai fi ƙarfinsu ba. Majalisun malamai za su iya ba sabon irin da aka yi wa rajista, da gwajin dogon zango, da littafin jagora da aka rubuta wa manoma da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, maki mai nauyi wajen ƙarin girma. Asusun TETFund zai iya ware kaso na tallafin shekara goma ga amfanin gonar da babu mai ɗaukar nauyinsa. Kowane sashe kuma zai iya zama da manoma da makiyaya da mata masu sarrafa abinci sau ɗaya a shekara kafin a raba wa ɗaliban digiri na biyu da na uku batutuwan bincike. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma, kuma Nijeriya ba ta cika shi ba. Kafin gwamnati ta cika nata, shugabannin tsangayoyin aikin gona su fara da abin da ke hannunsu, su sake duba takardar da suke auna malamansu da ita.