Ƙanƙarar Dutsen Kilimanjaro

Ran 11 ga Mayu 1848, Johannes Rebmann, Bajamushe mai aikin bishara, ya hango wani abu fari fat a bisa Dutsen Kilimanjaro, a ƙasar Tanzaniya ta yau. Ya rubuta cewa ƙanƙara ce. Waɗansu masana a Ingila, waɗanda ba su taɓa taka wurin ba, suka ƙaryata shi, wai ina ƙanƙara a zafin Afirka? A 1871 Charles New, shi ma mai bishara, ya hau har bakinta. Sai a 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwa, suna sassare matakai cikin ƙanƙarar da gatari. Daga 1912 zuwa yau, fiye da kashi 80 cikin ɗari nata ya narke.